Abuja zuwa Gwanzu: ta Adis, ta Doha, ta Alƙahira ko ta Santambul?

Ɗan ƙanwata ne ya taso daga Jos ya same ni a shago a kasuwar Dei-Dei da ke Abuja, wata Talata da hantsi. Bizarsa ta Chaina ta fito, bakinsa har kunne. Sana'arsa sayar da kayan sola, kuma wannan ce fitarsa ta farko waje. Muna gama gaisawa ya miƙo mini waya. Ejan ya turo masa hanyoyi huɗu, kowace da kuɗinta: ta Adis Ababa, ta Doha, ta Alƙahira, da ta Santambul.

"Kawu, wacce ta fi kusa? Ni dai ba na son in daɗe a sama."

Na ce, "Zauna ka sha ruwa tukuna. Kusan dukkansu tsawonsu ɗaya. Abin da zai wahalar da kai a ƙasa yake, ba a sama ba."

Ya dube ni kamar bai yarda ba. Na jawo takardar rasit na juya bayanta, muka shiga lissafi. Abin da na zayyana masa ran nan shi ne nake son in shimfiɗa a nan, domin na ga 'yan kasuwarmu da yawa suna zaɓen tikiti da ido ɗaya, ko dai su dubi kuɗi kawai, ko su dubi taswira su ce wannan garin ya fi kusa, sai an shiga tafiya a gane an yi kuskure.

Mu fara da nisan kansa. Daga filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja zuwa filin Baiyun na Gwanzu, wanda za ka ga an rubuta Guangzhou ko CAN a tikitinka, tazarar ta kai kimanin kilomita 11,200 idan aka miƙe ba karkata. Jirgin fasinja kan yi gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa guda idan ya daidaita a sama, ke nan da akwai mai zuwa kai tsaye da awa 13 zuwa 14 sun isa. To babu shi. Dole ka sauka wani gari ka canja jirgi, kuma daga nan ne zancen zaɓi ya taso.

Ta Adis Ababa, zangon farko kimanin kilomita 3,460 ne, na biyu kimanin 8,040, jimla 11,500. Ta Alƙahira, 3,430 da kusan 8,000, jimla ta ɗan haura 11,400. Ta Santambul, 4,160 da kimanin 7,900, jimla ta wuce 12,000 kaɗan. Ta Doha kuwa, 5,020 da 6,200, jimla 11,220. Wannan na ƙarshe ya ba yaron mamaki, kuma ni ma ya taɓa ba ni. A taswirar bango sai ka ga kamar Adis ce ke kan hanya, Doha kuwa an yi arewa da yawa. Amma duniya a dunƙule take, kuma idan ka ɗaura zare daga Abuja zuwa Gwanzu a kan ƙwallon taswira za ka ga zaren ya lanƙwasa ta saman Sudan da Bahar Maliya da ƙasar Larabawa, ya kusa gogar Doha. Shi ya sa bi ta can bai ƙara kusan komai a kan miƙaƙƙiyar hanya ba.

Yanzu dubi tsakanin mafi gajarta da mafi tsawo: kilomita 800 da 'yan kai. A ƙasa wannan tafiyar yini ce, a sama kuwa ba ta cika awa guda ba. Idan aka koma ga awannin zama cikin jirgi, Abuja zuwa Adis awa huɗu da rabi zuwa biyar ne, Adis zuwa Gwanzu kamar goma. Abuja zuwa Doha kamar bakwai, Doha zuwa Gwanzu kamar takwas. Abuja zuwa Alƙahira biyar ko da ɗan ɗori, daga can zuwa Gwanzu kamar goma. Abuja zuwa Santambul shida da rabi zuwa bakwai, sannan wata goman. Hanyoyi uku duk sun tsaya wajen awa 15, ta Turkiyya ta kai 16 da rabi zuwa 17. Bambancin ke nan gaba ɗaya. Amma a wayar yaron nan, hanya ɗaya ta nuna awa 19 da wani abu, wata kuma ta haura 30. Ragowar duk zaman jira ne a kan kujerar filin jirgi.

Kafin in shiga hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, akwai abin da ke rikita sabon matafiyi, wato agogo. Chaina na gaban Najeriya da awa bakwai. Adis da Doha da Santambul suna gabanmu da awa biyu. Alƙahira awa ɗaya ce a lokacin sanyi, biyu a lokacin zafi, tun da Masar ta dawo da canjin agogo a 2023. Kowane lokaci da ka gani a tikiti, na garin da abin zai faru ne. A ce an rubuta tashi Abuja 1:30 na rana, sauka Gwanzu 4:00 na yamma washegari. Idan ka ƙirga da yatsa za ka samu awa 26 da rabi, amma sai ka cire bakwai, saura 19 da rabi. A dawowa kuma ƙarawa ake yi: tashi 12:30 na dare, sauka Abuja 12:00 na rana, ka ga kamar awa 11 da rabi, alhali 18 da rabi ne.

Wannan 12:30 na daren ma tarko ne. Jirage da yawa daga Gwanzu zuwa ɓangarenmu tsakar dare suke tashi. Idan tikiti ya ce Alhamis 00:30, to daren Laraba za ka tafi filin jirgi. Na san wani bawan Allah mai sayar da tayil da ya kwana a otal hankalinsa kwance, ya tashi ranar Alhamis ya ƙarasa sayayya, ya isa filin jirgi da goman dare, aka ce masa ai jirginsa ya tashi tun jiya. Sabon tikiti ya yanka, da kuɗin da ya kamata ya zama ribarsa.

Hanyar Adis ita na fi bi, kuma ita na fi sani. Kamfanin Ethiopian Airlines ya daɗe yana hidimar 'yan kasuwar Najeriya, yana zuwa Abuja da Legas da Kano da Inugu. Mutanen Abuja ba za su manta da 2017 ba, lokacin da aka rufe titin jirgin filinmu na mako shida daga 8 ga Maris don gyara, aka karkatar da komai Kaduna. Kamfanonin waje suka janye, shi kuwa ya yarda ya riƙa sauka Kaduna, kuma da aka buɗe Abuja a watan Afrilu jirginsa ne ya fara sauka. Ina cikin waɗanda suka bi ta Kaduna a wancan lokacin, kuma irin wannan abu yana zama a zuciyar ɗan kasuwa.

Abin da ya sa hanyar ke da daɗi shi ne yadda jiragen ke haɗuwa. A tafiye-tafiyen da na yi, jirgi kan bar Abuja wajen azahar, ya isa Adis bayan isha'insu, na Gwanzu kuma ya tashi wajen tsakar dare. Zaman awa uku zuwa huɗu ke nan, daidai wanda zai ishe ka a sake binciken jakar hannunka, ka yi alwala ka rama sallolinka, ka ci wani abu, ka nemi ƙofarka ba tare da gudu ba. Sai ka sauka Gwanzu da la'asar ɗinsu, da sauran haske, ka kai otal ka yi wanka ka kwanta a lokacin da garin ke kwanciya. Wannan kaɗai na rage maka rabin jigatar canjin agogo.

Filin Bole na Adis yana kan tudu, sama da mita 2,300 daga doron teku, don haka darensa akwai sanyi. Na gaya wa yaron ya ɗauki rigar sanyin da yake sawa a Jos cikin Disamba, ya sa ta a jakar hannu, kada ya jefa ta cikin akwati. A daidai wannan lokaci na dare ne jiragen Afirka ke ta sauka suna juye mutane, na Asiya da Turai suna kwasa, saboda haka wurin a cike yake, wani lokacin kujera ma sai ka yi sa'a. Amma ga sabon shiga cikar nan alheri ce. A bakin ƙofar jirgin Gwanzu za ka ji Hausa, ka ji Ibo, ka ji Yarbanci, ka ga Alhazai daga Kano da Maraɗi da Njamena. Ba za ka rasa wanda zai nuna maka yadda ake cike takardar shiga ƙasa ba, wataƙila ma ku haɗa kuɗin tasi zuwa Xiaobei, unguwar da 'yan kasuwar Afirka ke yawan sauka a Gwanzu. Abu ɗaya da za ka kula: ka sa ejan ya nema maka abincin Musulmi tun lokacin yankan tikiti, kada ka bari sai an turo keken abinci ka fara tambaya. Nauyin hanyar kuwa shi ne zango na biyu, awa goma cur a kujera ɗaya.

A nan ne Doha ta yi zarra. Qatar Airways ya fara zuwa Abuja a ƙarshen 2020, daga baya a 2022 ya ƙara Kano da Fatakwal. Hanyarsa ta raba tafiyar kusan biyu daidai, bakwai da takwas. Ga matashi wannan ba komai ba ne, amma ga dattijo, ko mai ciwon gwiwa ko baya, ko mai hawan jini da ƙafarsa kan kumbura in ya daɗe a zaune, tsakanin awa takwas da goma akwai nisa. Na taɓa raka wani yayanmu da ya haura sittin, muka bi ta Doha saboda wannan dalili kaɗai, kuma da muka isa da ƙafarsa ya taka har wurin ɗaukar kaya. Filin Hamad, wanda aka buɗe a 2014, yana da faɗi da tsabta, masallatai a ko'ina, wurin alwala mai kyau, da ɗakunan da mutum zai kishingiɗa. Abincin jirgin duk halal ne, ba sai ka roƙa ba. Idan jira ya kama ka, a nan ya fi sauƙin ɗauka.

Sai dai abu biyu. Na farko kuɗi: sau da yawa da na gwada, tikitin Doha ya fi na Adis da na Alƙahira tsada, wani lokacin da tazarar da za ta biya maka otal na kwanaki. Na biyu, ka duba da kyau ƙarfe nawa jirgin Abuja zai sauka. Jiragen Doha masu zuwa gabashin Asiya da yawa bayan tsakar dare suke tashi. Idan naka ya sauka kafin lokacin da awa biyu ko uku, ka dace, tafiyarka za ta yi kafaɗa da ta Adis ko ma ta fi ta gajarta. Idan kuwa ya sauka bayan sun tashi, za ka wuni kana kallon shagunan turare, kuma hanyar da ta fi kowace gajarta a kilomita ta zama doguwa a agogo.

Alƙahira ba zan daɗe a kanta ba. EgyptAir na zuwa Abuja, yana kuma zuwa Gwanzu, abincinsa halal, ba a raba giya a jirginsa, kuma wanda ya yi karatun Larabci zai ji kamar gida. Kuɗinsa kan yi sauƙi. Idan ka samu ranar da jiragen biyu suka haɗu da tazarar awa uku ko huɗu, to da ita da ta Adis Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Aikinka shi ne ka tabbatar da ranar, zuwa da dawowa, domin sauya kwana ɗaya kacal na iya mayar da jiran awa uku ya koma na kwana.

Santambul ce yaron ya fi kwaɗayi, don ya ga hotunan filin a Facebook. Gaskiya filin abin kallo ne, sabo, an ƙaddamar da shi a ƙarshen Oktoban 2018, aka kwashe jirage daga tsohon filin Ataturk zuwa can a Afrilun 2019. Girmansa ya sa daga inda ka sauka zuwa ƙofar da za ka shiga kana iya yin tafiyar minti ashirin a ƙasa. Turkish Airlines kuma wajen abinci ba a magana. Amma a yadda na san jadawalinsa, jirgin Abuja da dare yake tashi ya isa da safe, na Gwanzu kuwa sai bayan tsakar dare. Wuni guda ke nan zungur. Kamfanin na da tsarin zagaya gari kyauta ga masu dogon jira, amma mai koren fasfo ba zai fita daga filin ba sai da bizar Turkiyya. Idan ba ka da ita, a ciki za ka yi azahar da la'asar da magariba da isha'i, kana sayen ruwa da abinci da tsadar filin jirgi, ka isa Chaina a gajiye kamar wanda ya yi noman kwana biyu. Wanda hanyar nan ta dace da shi shi ne mai harka biyu, wanda ke sarin abaya ko kayan yara ko kujeru a Turkiyya, yana da biza, zai sauka ya yi kwana biyu a Laleli, unguwar 'yan sari a Santambul, sannan ya wuce. Ga irinsa jifa ɗaya ce tsuntsu biyu. Ga mai zuwa Gwanzu kawai, ban ga dalili ba sai in kuɗin ya faɗi ƙwarai.

Wasu za su ce ina Dubai? Emirates ya dakatar da zuwa Najeriya a 2022 saboda kuɗaɗensa da suka maƙale, ya dawo Legas a Oktoban 2024. Duk hanyar da za ta sa ka fara sauka Legas, ka ƙara mata jirgin cikin gida na awa guda, da ɗaukar kaya daga tashar cikin gida zuwa ta ƙasa da ƙasa, da fargabar jinkiri. Ga mutumin Abuja ko Jos, sai in babu yadda za a yi.

Duk lissafin kilomita da na kawo na miƙaƙƙen layi ne, jirgi kuwa ba kullum yake samun miƙewa ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 jirage ke kauce wa samaniyarta, kuma ita ce ke kwance a tsakiyar hanyar Doha. A Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, an rufe samaniyar ƙasar na wasu makonni, jiragen da ke yin arewa daga Najeriya suka riƙa dogon zagaye. A 23 ga Yunin 2025 Katar ta rufe tata samaniyar na wasu awanni lokacin da Iran ta harba makamai kan sansanin Amurka na Al Udeid, kuma dubban matafiya suka yi cirko-cirko. Ba na kawo wannan don in tsorata kowa ba. Ina nufin idan saura mako guda ka tashi, ka saurari labaran yankin da za ka bi. Sannan akwai iska. A can sama tana kaɗawa ne daga yamma zuwa gabas, tana tura jirgi a zuwa, tana tare shi a dawowa, musamman lokacin sanyi. Shi ya sa zangon da ka yi a awa goma kan zama sha ɗaya in za ka dawo.

To nawa ne jiran da ya dace? Ni ma'aunina, kada ya gaza awa biyu, kada ya wuce shida. Na koyi na farkon da jikina. Wata shekara na ga tikiti mai jiran minti 55, na ce wannan ai shi ne, ba ɓata lokaci. Hadari ya taso a Abuja, muka makara da minti arba'in. Da muka sauka na riƙe babbar rigata da hannu ɗaya, jaka a ɗayan, ina gudu ina haki a doguwar baranda, na isa ƙofa ana shirin rufewa. Ni na shiga, akwatina bai shiga ba. Kwana biyu na yi a Gwanzu da kaya ɗaya a jikina, samfurin makullan ƙofa da na ɗauko don nuna wa masana'anta yana can wata ƙasa. Sauri ya haifi nawa.

Abin da ya cece ni ran nan shi ne tikitina guda ne, daga Abuja har Gwanzu a lamba ɗaya. Wannan magana ina son a riƙe ta da kyau. Idan tikiti ɗaya ne, kayanka tun daga Abuja ake liƙa musu takardar CAN, ba ruwanka da su sai can, kuma in jirgin farko ya makara har ka rasa na biyu, nauyin kamfani ne ya sa ka a na gaba. Idan kuwa ejan ya haɗa maka tikiti biyu daban-daban don kuɗin ya sauko, to a zango sai ka fita ta wurin jami'an shige da fice ka ɗauki kayanka ka sake awo, abin da ke buƙatar bizar ƙasar, kuma in ka makara kuɗinka ya bi ruwa. Araha ba ta ado. Ka tambayi ejan ƙarara: lamba ɗaya ce ko biyu? Ka kuma tambayi awo. Galibi a waɗannan hanyoyi ana ba da jaka biyu masu kilo 23 kowace, amma akwai tikiti mai rahusa da ke rage wannan, kuma ɗan kasuwa a dawowa ne yake sanin darajar kilo.

Da muka zo nan sai yaron ya ce, "Kawu, ni fa daga Jos zan taso."

Na ce yawwa, yanzu ka yi tambaya. Domin tafiya daga ƙofar gida take farawa. Jos zuwa Abuja ta Akwanga da Keffi awa huɗu zuwa biyar ce in hanya ta yi kyau, sannan ga cunkoson Mararaba da Nyanya, sannan ka ratsa gari ka bi ta Lugbe zuwa filin jirgi, wanda ke da nisan kusan kilomita 40 daga tsakiyar birni. Ana son ka isa awa uku kafin tashi. Jirgin azahar na nufin ka kasance a filin da goma da rabi na safe. Wanda ya ce zai baro Jos bayan asuba ya cim ma wannan, ya ɗora kuɗin tikitinsa a kan tayar motar haya. Ka zo tun jiya ka kwana. A nan jirgin dare ya fi sauƙi, don kana iya barin Jos da safe ka iso da sauran lokaci. Amma juya lissafin ka dubi dawowa. Ta Adis kan sauke ka Abuja da tsakar rana, ka gama da kwastam, ka samu motar Jos, ka yi isha'i a gida in Allah ya yarda. Jirgin da ya sauke ka da dare kuwa dole ka kwana Abuja, domin ba zan ba kowa shawarar ya hau hanyar nan cikin dare da akwatuna biyu na kaya ba.

Lokacin tafiyar ma na taɓa kuɗi da samun kujera. Baje kolin Canton, wanda ake yi tun 1957, sau biyu ne a shekara a Pazhou, wata unguwa a Gwanzu, daga 15 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu, da kuma 15 ga Oktoba zuwa 4 ga Nuwamba, kashi uku kowane karo, kuma kayan lantarki da injuna a kashin farko suke. A makonnin nan jirage kan cika, otal ya yi tsada, tikiti mai kyakkyawan jira shi ke fara ƙarewa, a bar wa 'yan makara mai jiran awa goma sha. Ka yanka da wuri. Kuma ka kauce wa sabuwar shekararsu, tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, da makon farko na Oktoba, don za ka tarar da masana'antu a rufe. Ina kuma son in isa kafin Juma'a, saboda masallacin da ke kusa da kabarin da mutanen can ke dangantawa da Sa'adu bin Abi Waƙƙas. A nan ne Musulmin garin da baƙi ke haɗuwa, kuma bayan an idar za ka ga 'yan gida, ka ji wane kamfanin kago ne ke kai kaya lafiya a wannan watan.

Akwai 'yan ƙananan abubuwa da na sa ya rubuta a bayan rasit ɗin. Katin rigakafin shawara, wanda muke cewa yalo kad, ya kasance tare da fasfo. Kilishi da dambun nama su zauna a gida, don Chaina ba ta yarda a shiga da nama ba, za a karɓe a filin jirgi. Fawabank a jakar hannu, ba a akwati ba, kuma in zai hau jirgin cikin gida a can, misali zuwa Yiwu, tun ƙarshen Yunin 2025 ba sa barin wanda ba shi da tambarin CCC, wato shaidar ingancin kaya ta Chaina. Adireshin otal a rubuce da rubutunsu, a takarda, don direban tasi ba zai karanta namu ba. Filin Baiyun na arewa da gari da kimanin kilomita 30, akwai jirgin ƙasa layi na 3 da ke shiga ciki, amma mai akwati biyu a ranar farko gara ya hau tasi.

Daga ƙarshe na ce masa, in ni ne kai, tafiyar farko, jari bai yi ƙarfi ba, kuma daga Jos, Adis zan bi. In ka ga ta Alƙahira da jira irin wannan kuma ta fi sauƙi da abin da ya taka kara ya karya, ɗauke ta. Ranar da za ka tafi da mahaifinka, ka ƙara kuɗi ku bi Doha, ka tabbatar jiran bai wuce awa biyar ba. Santambul kuwa ka bari sai ka fara harka da Turkiyya.

Ya kira ejan a gabana, ya tambaye shi lamba ɗaya ce ko biyu, ya sa aka nema masa abincin Musulmi da kujerar bakin hanya don ya riƙa miƙe ƙafa. Ya kwana gidana a Kubwa ranar Lahadi, Litinin da ƙarfe tara na safe na sauke shi a filin jirgi da rigar sanyinsa a hannu. Washegari wajen tara da rabi na safe, ina buɗe shago, saƙonsa ya shigo: ya sauka, akwatunansa biyu sun fito, kuma ya haɗu da wani Alhaji ɗan Kantin Kwari tun daga Adis, tare za su shiga gari.